Aure Yaƙin Mata: Dukiya da Kasadar Aure a Ƙagaggun Labaran Hausa, 1934-1991

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa aure yaƙin mata ne. Wanda duk ya tafi yaƙi kuwa, ya san yana iya komowa da ganima, yana iya komowa da rauni, ana kuma iya baro shi can. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda ƙagaggun labaran Hausa suka kalli wannan yaƙi ta fuskar dukiya, tun daga littafin Jiki Magayi na 1934 har zuwa littattafan da suka fito a Kano a farkon shekarun 1990. Abin da ake son ganowa shi ne, me mace take zubawa a cikin aure, me take iya rasawa, kuma a wane mataki ne asarar take aukuwa.

Domin amsar ta fito sarari, za a fara da waiwayen ƙagaggun labaran Ingilishi na ƙarni na 19, saboda su ne suka fi shahara da wannan jigo a fagen nazarin adabi. Hujjar da za a kafa ita ce, adabin al'ummomin biyu duk yana lissafin kuɗi a kan aure, amma kasadar ba wuri ɗaya take ba. Ga Baturiyar Ingila ta wancan zamani, haɗarin yana bakin ƙofar shiga, domin idan ta shiga babu fita, dukiyarta kuma ta koma hannun miji. Bahaushiya kuwa shari'a ta bar mata dukiyarta, sai dai gidan da take zaune ba nata ba ne, kuma kalma ɗaya ta isa ta fitar da ita daga cikinsa.

2.0 Matar Aure da Dukiya a Adabin Ingila

A dokar gargajiya ta Ingila, kamar yadda masanin shari'a William Blackstone ya bayyana ta a 1765, miji da mata mutum ɗaya ne a gaban alƙali, kuma mijin ne yake tsayawa a madadin su biyun. Kuɗin da mace ta zo da su, da waɗanda ta samu da guminta bayan aure, duk mallakar miji ne, sai fa idan iyayenta masu hali ne sun rubuta wata yarjejeniya ta musamman kafin aure. Rabuwa kuwa, kafin dokar 1857 sai Majalisar Dokoki ta zauna ta yi doka a kan auren mutum guda kafin a raba shi, kuma mata huɗu kacal suka taɓa samun saki ta wannan hanya. Sai a 1870 aka yarda matar aure ta mallaki abin da ta samu da aikinta, a 1882 kuma aka ba ta ikon mallakar dukiyarta gaba ɗaya.

A cikin wannan yanayi Jane Austen ta fitar da Pride and Prejudice a 1813. Gandun Mista Bennet yana kawo fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure gadonsa ga ɗa namiji, shi kuwa 'ya'yansa biyar duk mata ne. Ranar da ya mutu, gidan zai koma hannun wani ɗan'uwansa, Mista Collins, kowace 'ya kuma abin da za ta tsira da shi bayan ran uwarta bai wuce fam 1,000 ba, wanda ribarsa fam 40 ce a shekara. Saboda haka rawar ƙafar da uwar 'yan matan take yi wajen nema musu miji, ko da yake marubuciyar ta mayar da ita abin dariya, tana da dalili mai ƙarfi. Charlotte Lucas, mai shekara 27, ta auri Collins ba don so ba, sai don ta sami inda za ta fake. Abin da zai biyo bayan mummunan zaɓi kuwa, Anne Brontë ce ta nuna shi a The Tenant of Wildfell Hall (1848), inda Helen ta auri mashayi, ya ƙwace kuɗinta da kayan adonta, ya ƙona kayan zanen da take shirin dogara da su, ta gudu da ɗanta a ɓoye alhali doka tana bayan mijin.

Wannan ne ya sa labari irin na Austen yake ƙarewa da ɗaurin aure. Zaɓin miji sau ɗaya ake yin sa, kuma a kansa rayuwar mace duka ta rataya.

3.0 Bahaushiya Tsakanin Shari'a da Al'ada

Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa take bi ta hanyar littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, ba ta haɗe dukiyar mata da ta miji ba. Sadaki haƙƙin amarya ne ita kaɗai, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratun Nisa'i, kuma mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Ciyarwa da tufatarwa da matsuguni suna kan miji ko da matar ta fi shi wadata. Tana gadon mahaifinta, tana gadon mijinta. Ke nan abin da matan Ingila ba su samu ba sai a 1882, Bahaushiya Musulma tana da shi a rubuce tun ƙarnoni kafin nan.

Amma akwai wurare huɗu da kasada take shigowa. Na farko, mazhabar ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ba tare da neman yardarta ba, wanda shi ne tushen abin da ake kira auren dole ko auren tilas. Na biyu, saki yana hannun miji, ita kuwa idan ta nemi rabuwa ba tare da ta tabbatar da cutarwa ba, sai ta yi hul'i, wato ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadaki. Na uku, kishiya tana iya shigowa kowane lokaci, ta raba kwana da cefane, ta kuma raba gado, domin tumunin da matan mamaci mai 'ya'ya suke samu, wato ɗaya bisa takwas, tsakaninsu ake kasa shi, ta yadda idan su huɗu ne kowace za ta tashi da ɗaya bisa 32. Na huɗu, ko da yake fiƙihu ya ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji, al'ada ta fi karkata ga barin 'ya'ya a gidan uba da zarar an yaye su.

Al'adun aure sun ƙara ɗaure wannan lissafi. Kuɗin na-gani-ina-so da toshi da gaisuwar iyaye da kayan sa rana da lefe duk daga ɓangaren miji suke fitowa, kuma yawancinsu ba sa shiga hannun amarya a matsayin jari. Su ne kuma suke zama sarƙa idan yarinya ta ce ta fasa, domin manemi yana iya neman a biya shi abin da ya kashe, iyaye kuwa sun riga sun ci. Daga ɓangaren mace akwai gara da kayan ɗaki. Jeren tasoshi da kwanuka da langa-langa da uwa take tarawa shekara da shekaru, ta hanyar sana'ar cikin gida da adashi da biki, ba ado kawai ba ne. Ajiya ce da za a iya sayarwa ranar da ta ɓaci, kuma ita ce dukiyar da mace take kwashewa ta tafi da ita idan aure ya mutu. Binciken Polly Hill a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda ya fito a 1972, ya nuna girman cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gidajensu, na Enid Schildkrout kuma a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda tallan 'yan mata yake da alaƙa da tara kayan ɗakinsu.

Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, shaida ne a kan yadda abin yake a aikace. Baba ta yi aure huɗu. Na farkon auren zumunta ne da aka yi mata ba da son ranta ba, ta zauna don ta fita kunyar iyaye, daga baya ta fita ta auri wanda take so. Wannan hanya ta fita, wadda Helen ta littafin Brontë ba ta da ita, ita ce sauƙin da Bahaushiya ta samu. Ita ce kuma raminta, domin ƙofar da take iya fita ta cikinta da ƙyar, miji yana iya tura ta waje ta cikinta cikin sauƙi.

4.0 Zangon Farko: Labarin a Bakin Maza

Daga cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar bayan gasar 1933, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ne kaɗai ya ɗauki aure da dukiya a matsayin ginshiƙin labari. Sauran, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sun fi karkata ga yawon duniya da yaƙi da bauta da sata. Lokacin da littafin ya fito yana da muhimmanci. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuɗin Turawa sun kori wuri, attajiri ya sami sabon ƙarfi a cikin al'umma.

A labarin, Abubakar da Zainab suna son juna, sai attajiri Malam Shaihu, wanda Allah bai ba shi haihuwa ba, ya shigo neman aurenta saboda mafarkin da ya yi cewa ta wurinta zai sami ɗa. Dukiya ta rinjayi alkawari, Zainab ta zama matar attajiri. Daga nan sai labarin ya bi Abubakar cikin dazuzzuka wajen neman asirin ramuwa, sannan ya bi Kyauta, ɗan da aka haifa, wanda asirin ya mayar ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Abin lura shi ne, Zainab ce aka yi cinikin a kanta, ita ce kuma ta ga ɗanta ya lalace, amma marubutan ba su tsaya a ɗakinta ba. Asarar da suka ƙididdige ta maza biyu ce: wanda aka ƙwace wa budurwa da wanda aka lalata wa magaji.

Haka abin yake a wasan kwaikwayon Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu. Ɗan kasuwa mai rufin asiri ya auri karuwa, bai ji shawarar masu hana shi ba, ta tatse shi har ya tsiyace. Darasin gargaɗi ne ga maigida a kan dukiyarsa. Halin da matan gida suke shiga idan irin wannan amarya ta shigo yana gefen labari. Za a ga muhimmancin wannan a nan gaba, domin irin wannan labari ne wata marubuciya ta sake ɗauka ta juya shi.

5.0 Zango na Biyu: Mata Sun Karɓi Alƙalami

Abubuwa uku suka sauya fagen. Na farko, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 sun ɗaga tsadar aure, lefe ya tashi daga ƙwarya da fantimoti ya koma jerin akwatuna. Na biyu, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa, maza da mata, masu iya karanta Hausar boko. Na uku, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida daga 1986 ya karya darajar naira, ya sa saurayi mai albashi ya kasa gogayya da alhajin kasuwa, ya kuma durƙusar da kamfanonin ɗab'i har marubuta suka koma buga littattafansu da kansu. Daga nan aka sami abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, wasu kuma suke kira littattafan soyayya.

Tun kafin nan Hafsatu Abdulwaheed ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, inda budurwa ta tsaya a kan zaɓinta duk da adawar dangi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) ya dawo da matsalar Jiki Magayi, wato talaka da attajiri a kan budurwa ɗaya, amma a wannan karo Sumayya ba ta bi dukiya ba. Da aka matsa mata ta bar Muhammad ta auri Abdulƙadir mai kuɗi, sai ta faɗa rijiya. Tsarin wannan littafi ya yi kusa da na Austen, domin dukkan gwagwarmayar a bakin ƙofar shiga take.

Wadda ta shiga da mai karatu har cikin gida ita ce Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, auren kuma bai daɗe ba. A Wa Zai Auri Jahila? (1990), mahaifin Abu ya hana ta karatun boko, ɗan'uwanta da aka yi musu baiko ya ƙi ta saboda jahilci, sai aka aurar da ita tana 'yar shekara 13 ga Sarkin Noma, dattijo mai dukiya wanda ya haife ta. Ta gudu wurin wata gwaggonta a birni, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. A nan marubuciyar ta kawo sabon nau'in kayan ɗaki, wato ilimi, wanda ba a sayar da shi ranar yunwa, miji kuma ba ya iya riƙe shi ranar saki.

Alhaki Kuykuyo Ne (1990) shi ne littafin da ya fi fito da hujjar wannan maƙala. Ƙashin bayan labarin iri ɗaya ne da na Jatau Na Kyallu: Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, ya auro Delu, tsohuwar karuwa, ƙarshensa ya tsiyace. Amma a wannan karo daga ɗakin uwargida ake kallon abin. Rabi tana da 'ya'ya tara, kuma tun kafin amarya ta zo ita take cike giɓin cefane da kuɗin makaranta, domin maigida ya fi kashe kuɗinsa a waje. Faɗa ɗaya da amarya ya isa ya sake ta, ya kore ta da 'ya'yanta. Shekarun da ta yi tana gina gidan ba su ba ta haƙƙin ko ɗaki ɗaya a cikinsa ba. Abin da ya cece ta shi ne abin da shari'a da al'ada suka bar mata tun farko, wato kayanta da sana'ar hannunta da danginta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da 'yarta Saudatu ga wani attajiri mai mutunci.

Ƙarshen littafin ne ya fi jawo muhawara tsakanin manazarta. Bayan gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu kuma ta juya masa baya, sai maza daga cikin dangi da suruki suka taru suka matsa wa Rabi ta koma, ta koma ba da son ranta ba, ta ci gaba da ciyar da gidan da wanda ya kore ta. Wasu suna ganin wannan sassauci ne ga al'ada. Amma idan aka bi lissafin dukiyar, za a ga marubuciyar ta nuna abu mai ɗaci: lokacin da miji yake da wadata Rabi ba ta da rabo a cikinta, da ya tsiyace kuwa an ɗora mata rabo a cikin tsiyarsa. Haka kuma auren Saudatu, wanda ake gani kamar sakayya ce, ya mayar da 'yar cikin irin cacar da uwar ta yi, sai dai ita ta dace da mutumin kirki. An mayar da littafin fim a 1998, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012.

6.0 Kammalawa

An ga yadda jigon aure da dukiya ya taso daga Jiki Magayi, inda mace take abin da maza suke takara a kansa, ya biyo ta littattafan soyayya, inda ta sami bakin cewa ba ta so, ya iso ga Balaraba Ramat Yakubu, inda aka zauna aka ƙididdige abin da take rasawa bayan an watse daga biki. An kuma ga cewa kwatanta wannan adabi da na Ingila yana da amfani matuƙar an lura da bambancin dokokin da ke ƙarƙashinsu. Matsalar da Austen da Brontë suka nuna ta mallaka ce, dokokin 1870 da 1882 kuma sun magance ɓangarenta da ya shafi dukiyar matar aure. Matsalar da Rabi ta fuskanta ta tabbas ce, wato rashin sanin ko gobe tana cikin gidan, kuma ba a warware ta ba a zamanin da aka rubuta littafin.

Abubuwan da suka faru daga baya sun nuna marubutan ba ƙirƙirar matsalar suka yi ba. A 2012 gwamnatin Jihar Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta fara aurar da zawarawa da ma'aurata 100, ta biya sadaki, ta yi kayan ɗaki, ta ba amare jari, wato ta ɗauki nauyin abubuwa ukun nan da aka ga mace tana dogara da su. A 2017 kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo shawarar dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, abin da ya tayar da muhawara mai zafi. Saboda haka ya kamata masu tarihin zamantakewar Hausawa su ɗauki waɗannan littattafai, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon kayan kasuwa, a matsayin madogara. Akwai buƙatar a gwada abin da suka faɗa da bayanan ƙararrakin aure na kotunan shari'a na Kano da Zariya da Katsina, domin a ga iyakar inda ƙagaggen labari ya yi daidai da abin da alƙalai suka rubuta.